Ranar da Baba Ya Yi wa Fasto Baftisma

A gidanmu abincin ranar Lahadi bai taɓa shiga cikin kowa da zafinsa ba, kuma laifin ceto ne. Da mun dawo daga coci, Mama ta jera kwanuka, sai Kawu ya wanke hannu ya yi gyaran murya.

"Wa'azin yau ya yi daɗi," in ji shi. "Ceto kyauta ne. Yesu ya gama aikin, babu gumin kowa a ciki."

Baba sai ya ajiye cokali. Da ka ji ƙarar cokalin nan ka san miya ta shiga uku.

"Malam Kyauta, kai ai dole ka ce haka. Wanda bai taɓa gumi ba ina zai san amfaninsa? Allah ya yi nasa, kai ma ka tashi ka yi naka."

"To mijin Yaya, in ka yi naka, ai ya zama ciniki ke nan. Miƙo min naman can."

Kowa da ayarsa a baki. Wannan ya jefo, wancan ya rama, har mai ya daskare a kan miya.

Bari in gaya muku su wane ne waɗannan malamai biyu. Baba mai walda ne, ƙato, tafin hannunsa ya isa rufe tukunya. Duk wani ƙarfe da ke cocinmu daga shagonsa ya fito: ƙofa, tagogi, kujerun mawaƙa, har abin rataye ƙararrawa. Ciwonsa ɗaya, bai iya karɓa ba. In ka ba shi ruwan sha a gidanka, kafin ya fita sai ya gyara maka famfo, ko da famfon lafiyarsa ƙalau. Wata maƙwabciya ta taɓa aiko masa da lemo da ya yi zazzaɓi, washegari ta wayi gari da sabon ƙyaure. Unguwa ta gane hanya, lemo ya yi ta shigowa har muka rasa inda za mu sa shi.

Kawu kuwa ƙanin Mama ne. Sana'arsa har yau ana kan bincike. Ya ba da gaskiya ga alherin Allah har ya wuce inda Fasto ya tsaya: ceto kyauta, abincin rana kyauta, sabulun wankanmu kyauta, man shafawar Baba ma kyauta. Bai taɓa makara a cin abinci ba, bai kuma taɓa kuskuren zuwa lokacin wanke-wanke ba.

Ni ce babbar 'yar gidan, ɗinki nake yi, kuma ni na gaji bakin da Mama ta ƙi amfani da shi.

Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, duk wannan gardama a kan abu ɗaya take yawo. Baba, mai ƙera rabin coci, ba a taɓa yi masa baftisma ba. A ikilisiyarmu kuwa wanda ba a yi wa ba, ba ya cin Jibin Ubangiji. Tiren gurasa yakan bi layi daga hannu zuwa hannu. In ya iso, Baba ya karɓa da hannu biyu, ya juya ya riƙe wa Mama, ta ɗauki nata, shi kuma ya ɗan jijjiga mariƙin tiren ya ji ko ya yi sako-sako, ya miƙa gaba. Haka na tashi na gani, haka na yi aure na bari.

In an tambaye shi sai ya ce bai shirya ba. "Mutum ba ya zuwa gaban babba hannu rabbana." Da farko ya ce sai ya rage fushi. Fushi ya ƙi raguwa, sai ya ce bari ya gama tagogi. Tagogi suka ƙare, aka ce ana bukatar tankin baftisma, ya ƙera shi da matakala da wani ƙarfen riƙewa mai kauri a gefe, wai don tsofaffi. Jama'a suka yi ta shiga tankinsa suna fitowa, shi yana tsaye a baya yana duba ko yana yoyo.

Wata Lahadi suna tsakar jifan juna da ayoyi, Mama ta ajiye ludayi. Ba ta buga shi ba, ajiyewa kawai ta yi.

"Kun ishe ni, ku biyun nan," ta ce. "Ba ruwana da wanda ya fi wani aya. Tun ina amarya nake cin Jibin nan ni kaɗai, mijina na gefena yana riƙe min tire kamar ɗan aiki. Sau ɗaya nake so mu ci tare kafin a ɗauki ɗayanmu. Sau ɗaya tak, Baban yara."

Kawu ya daina tauna, abin da tarihi bai taɓa gani ba. Baba ya dubi kwanonsa ya daɗe.

"Bari in gama rufin coci," ya ce.

Ya gama rufin kuwa. Ya sauko daga tsani ya kakkaɓe hannu, ya aika a gaya wa Fasto yanzu ya shirya, yana da abin nunawa. Ni na ɗinka masa farar rigar shiga ruwa, yadin da ya ci ya isa labulen falo.

Fastonmu mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi jiki ba. Yara a ɓoye Fasto Tsinke suke ce masa. Ya zo shagon Baba ana gobe abin, ina wurin na kawo rigar a gwada.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo," ya ce. "Ka harɗe hannu a ƙirji, ka saki jiki. Zan kwantar da kai baya, in ɗago ka. Kada ka taimake ni."

Baba ya ɗaga baƙin gilashin walda, ya dube shi daga sama har ƙasa. Kallon bai ɗauki lokaci ba, don babu abin kallo da yawa.

"Kai za ka ɗago ni?"

"Ruwa ne zai ɗauke nauyin, Baba. Masu ƙoƙarin taimako su ne ke ba mu wahala."

"Na ji," in ji Baba, irin jin da yake wa likita.

Ranar, coci ya cika har waje. Waɗanda rabonsu da sujada tun bikin aurensu duk sun zo, don ba kullum ake ganin an tsoma mai tanki a tankinsa ba. Mama ta sa zanen da take ɓoyo a ƙasan akwati. Mawaƙa suka ɗauka. Baba ya sauka matakalarsa, ruwa iya ƙugu, ya harɗe hannu yadda aka ce. Fasto ya dafa bayansa, ya faɗi abin da ake faɗi, ya fara kwantar da shi.

Ruwa na taɓa ƙeyar Baba, sai tausayi ya kama shi. Ya ga yaron nan ba zai iya ba. Ya warware hannu, ya cafki ƙarfen riƙewa da hagu, ya cafki wuyan rigar Fasto da dama, ya yunƙura don ya rage masa aiki. Baba ya miƙe tsaye cas. Fasto kuwa ya tafi. Tafin ƙafafunsa kawai muka gani, sai tabaransa da ya taso yana yawo a kan ruwa.

Baba ya sa hannu ɗaya ya tsamo shi, ya tsayar da shi, har da bubbuga masa baya.

"Ka gani?" ya ce da ƙarfi. "Da ban kama ba fa?"

Mawaƙa sun yi ƙoƙari, Allah ya sani. Sun kai rabin baiti kafin mai ganga ya kife a kan gangarsa. Kawu daga layin gaba ya ce, yadda kowa zai ji, "Madalla, Fasto ya samu ta biyu. Saura mijin Yaya."

Dattawan ikilisiya suka shiga ɗaki suka yi zama a kan gashin Baba. Ɗaya ya fito ya taɓa, ya koma ya ba da rahoto: a bushe yake ƙayau. Hukunci ya fito cewa kai bai shiga ba, don haka ba a yi ba, sai a sake. Baba ya ce ba da shi ba. Ya zo da niyya, ya ceci ran Fasto, a maimakon godiya ana shafa masa kai kamar rago a kasuwa.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle, ba zan ɓoye ba. Dariyar ta tsaya ne da na shiga ɗakin canza kaya na tarar da Mama tana matse farar rigar. Ba ta kuka. Matsewa take yi a hankali, tana ninkewa. Da aka zo Jibi, tire ya iso, Baba ya riƙe mata da hannu biyu, ta ɗauka ita kaɗai.

A gida raina ya ɓaci na kasa riƙe baki.

"Baba, kai ko mutuwa ce ta zo ɗaukarka, sai ka ce ta kawo jakarta ka riƙe mata."

Fushi ya yi da ni, fushi mai tsanani, don bayan kwana kaɗan sai ga yaran mota sun sauke min sabon teburin keken ɗinki na ƙarfe, babu ko saƙon gaisuwa.

Daga nan aka rufe maganar. Gardamar Lahadi dai ta ci gaba, har ta ƙara armashi, tunda Kawu ya samu misali mai rai. Mama ta sa rigar a akwati.

Ciwon ya same shi da safe a shago. Maƙwabcinsa mai gyaran babur ya ji injin yana ta ƙara babu mai riƙe da shi, ya leƙa ya gan shi a ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, baki ya karkace, magana ta koma fita ɗaya-ɗaya kamar ana jawo ta da igiya.

Aka sallamo mu da mutumin da ni da Mama ba ma iya juya shi a kan gado. 'Yan'uwana maza suna garuruwa masu nisa. Sun aiko da addu'a ta waya, mai yawa, Allah ya saka musu. Muna tsaye a kansa mun rasa yadda za mu kai shi bayi, sai ga sallamar Kawu, don lokacin abincin rana ya yi.

"Ajiye hular nan ka zo ka kama," in ji Mama.

Ya kama. Na ba shi kwana biyu a raina, na ce daga nan za a ji wani babban uzuri ya taso. Uzuri bai taso ba. Kawu ya kawo tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin gadon Baba. Shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka, shi ke aske masa gemu, shi ke wanke abin da ba na son faɗi. Tumbin da ya tara a teburinmu ya fara zubewa. Abinci dai bai rage ci ba, kada a ce na yi masa ƙarya.

Baba ya tsani abin, tsana ta gaske. Ciwon bai ci shi kamar yadda hannun Malam Kyauta a hammatarsa ke cinsa ba. Da hannun hagun da ya rage ya yi ta neman abin da zai gyara wa Kawu. Ya karɓi agogonsa ya kwance, ya kasa mayarwa. Ya sa aka kawo masa bel ɗinsa ya huda sabon rami a inda ba a bukata.

Wata rana da la'asar ina shanya a bayan tagar bayi na ji su.

"Me... zan... ba ka?" in ji Baba.

"Babu."

"Dole... akwai."

"Babu, mijin Yaya. Da ciwo ko? Karɓa ma sai an koya. Ni na daɗe da ƙwarewa, kai ne sabon shiga."

Na ji ƙarar ruwa a bokiti. Can Baba ya ce, da wata murya da na san ta tsokana ce, "Ga ka... kana... aiki."

"Wannan ba aiki ba ne. Ba don a ba ni komai nake yi ba."

"To... don me?"

"Ina na sani? Ɗaga hannu in sa sabulu."

Na tsaya da rigar shanya a hannu, haushi ya kama ni. Shekara da shekaru suna hana mu cin abinci da zafi, ashe a bayi za su yi maganar hankali.

Da muka koma asibiti likita ya ja ni gefe ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, kuma in ya dawo ba ya sallama. Na gaya wa Mama a hanya. Washegari ta zo shagona, ta ɗora farar rigar a kan teburin da Baba ya ƙera min.

"Rage ta," ta ce.

Na rage. Abin da na yanke na zubar ya isa rigar yaro. A nan na yi kukana, ni kaɗai, almakashi a hannu.

Fasto ya zo gida. Ya ce dattawa sun yi zama, sun yarda saboda lalura a zuba wa Baba ruwa a ka yana zaune a keken guragu. Baba ya girgiza kai. Tankinsa ne, a ciki za a yi. Sannan ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya.

"Ba ni da... komai... yanzu," ya ce.

"To Baba," in ji Fasto, "wancan karon ka zo da rufin coci, ka ga yadda muka ƙare. Mu gwada haka."

Wannan karon babu 'yan kallo da yawa, labari ya riga ya tsufa. Fasto ya cire tabarau tun a waje ya ba matarsa, alamar ya yi karatu. Kawu ya naɗe wando, ya ɗauki Baba cak daga keke, ya sauka matakala da shi a hankali, ya tsayar da shi a ruwa yana tallafe da shi. Mawaƙa suka ɗauka a tsorace.

Fasto ya faɗi abin da ake faɗi. Suka fara kwantar da shi, su biyu. Sai hannun hagu ya fita ya cafki ƙarfe.

Na ce a raina shi ke nan, mun sake. Hannun nan shi kaɗai ya rage wa Baba, kuma duk ƙarfin da ya bar sauran jikin a nan ya taru. Fasto ya yi raɗa. Kawu ya gwada ɓamɓare yatsun, kamar an yi musu walda. Mawaƙa suka kai ƙarshen waƙa, suka dubi juna, suka koma farko.

Na matso da niyyar in faɗi wata baƙar magana, sai na ga idonsa. Ba taurin kai ba ne. Tsoro ne. Mutumin da rabin jikinsa ba ya amsa kira, an ce ya kwanta a ruwa ya dogara ga Tsinke da Malam Kyauta. Ban taɓa ganin Baba yana tsoro ba, sai na fasa maganar.

Mama ta tashi. Ta hau ta tsaya a bakin tanki, ta sunkuya har bakin mayafinta ya jiƙe.

"Baban yara," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Ga ƙanina, ga Fasto, ga ni. Saki ƙarfen nan. Kai ka ƙera shi, ba inda za shi."

Ya dube ta. Yatsun suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa ne ya ƙi sai daga ƙarshe. Hannun ya faɗa ruwa. Suka kwantar da shi, ruwa ya rufe fuskarsa, ya rufe furfurarsa, suka ɗago shi. Dattijon nan mai binciken gashi bai ma tashi daga kujerarsa ba.

A ɗakin canza kaya ina miƙa tawul, Kawu na goge masa kai.

"To mijin Yaya, yau dai gardama ta ƙare. Me ka kawo? Kyauta ko ba kyauta ba?"

Baba ya tattara bakinsa ya daɗe yana haɗa kalmar.

"Ni... na... saki."

"Ji mutum," in ji Kawu. "Sakin ma sai ka sa masa suna aiki?"

"Gwada... ka ji."

Har yau ban san wa ya ci ba, kuma duk wanda ya tayar min da zancen a kan abinci zan kwashe kwanonsa.

Aka tura kekensa ƙarshen layi, kusa da Mama. Lokacin Jibi ya yi. Mai rabo ya iso da tiren gurasa, kafin kowa ya ankara Baba ya miƙa hagu ya karɓe, ya juya ya riƙe wa Mama, yadda ya saba tun ba a haife ni ba. Ta ɗauki nata. Ba ta ci ba, ta riƙe tana jira.

Sai a lokacin ya gane. Hannu ɗaya gare shi, kuma tire na kai. Ya dubi gurasar, ya dubi hannun daman da ke kwance, ya nemi inda zai ajiye tiren babu. Kawu ya sunkuyar da kai yana ta fama da hanci.

Mama ta sa hannu ta ɗauki wani gutsuren, ta kai bakinsa. Leɓensa ya fara motsi.

"Bari... in..."

"Yi shiru ka haɗiye, Baban yara."

Ya haɗiye. Da ƙoƙon ya zo ita ta ɗauki biyu, ta kafa masa ɗaya a baki. Rabi ya shiga, rabi ya biyo gefen da ya mutu ya gangaro haɓa. Ta goge masa da jiƙaƙƙen bakin mayafinta, sannan ta sha nata.